Garanti a kan kayan gashi

Garanti alkawari ne da mai ƙera kaya ko mai sayarwa yake ɗauka cewa zai gyara kayan, ko ya musanya su, ko ya mayar da kuɗi idan suka lalace cikin wani wa'adi. A kan kayan gashi, irin su tandar waina, gwangwanin burodi da farantin gilashi na tanderu, gardama takan tsaya ne a kan abu ɗaya: aibin daga wurin ƙira ya zo, ko kuwa a hannun mai saye ya faru?

Dalilan fashewa

Gilashi da tangaran da yumɓu suna tsagewa idan zafi ya sauya musu farat ɗaya, kamar a sauke faranti daga tanderu a ɗora a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ɓangare ɗaya yakan tsuke kafin sauran, sai ya dare. Don rage wannan matsala kamfanin Corning na Amurka ya fito da gilashin Pyrex a 1915. Yawancin kamfanoni ba sa biyan abin da ya faɗi ko aka saɓa ƙa'idar amfani da shi. Suna biyan aibin ƙira, kamar tsaga ta ɓoye ko mariƙin da ya ɓalle da kansa.

Dokar Najeriya

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar CPC. Sashe na 132 ya ɗauki kowane ciniki a matsayin mai garantin inganci ko da ba a rubuta ba. Mai saye yana iya mayar da kaya masu aibi cikin wata 3 da karɓarsu, a gyara, a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Don haka rubutun da ake gani a wasu rasitai cewa kaya in sun fita ba sa dawowa ba ya soke wannan haƙƙi. A Tarayyar Turai wa'adin doka shekara 2 ne mafi ƙaranci.

A fiƙihun Malikiyya

Tun kafin dokokin zamani, littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibi. Sharaɗi shi ne aibin ya riga cinikin, mai saye bai san da shi ba, kuma yana rage darajar kayan. Wanda ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗauka ya yarda. Wannan hukunci yana da muhimmanci a Jihar Zamfara, inda aka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000 zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura.

A yankin Bakolori

A kasuwanni irin na Talata Mafara, Bakura da Maradun, akasarin cinikin tanda da tukwane na baka ne, babu rasit. Masu saye sukan ƙwanƙwasa tandar yumɓu su saurara: lafiyayya tana ƙara tangaran, mai tsaga kuwa sautinta a dushe yake. Idan saɓani ya taso, sanayya da shugabannin kasuwa sukan sasanta shi kafin a kai kotu. Asarar ba ƙarama ba ce ga mai sana'ar waina, domin tanda ita ce jarinta.

Matakan neman musanya

Ana ajiye rasit da kwalin kayan, a daina amfani da su da zarar an ga aibi, a ɗauki hoto, sannan a koma wurin mai sayarwa da ɓallin da ya fashe. Idan ya ƙi, ana iya kai ƙara ga FCCPC ko kotu.