Bin Sawun Kayan Aiki da Marasa Lafiya a Cikin Asibiti: Wace Fasaha Ce Ta Dace da Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa?

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hanyoyi uku na gano inda kaya ko mutum yake a cikin ginin asibiti, bisa yanayin arewa maso yammacin Jigawa. Ra'ayinta shi ne a fara da kayan aiki, a jinkirta sanya wa marasa lafiya alama.

Gabatarwa

Bin sawu da na'ura ba baƙon abu ba ne a Jigawa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an riƙa ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS domin a tabbatar da ƙauyukan da suka shiga. Sai dai wannan dabara iyakarta bakin ƙofa, domin saƙon tauraron ɗan'adam yana raunana ƙarƙashin kwano da siminti. Cikin gini kuwa sai da wata dabara dabam: tun 1992 masana a ɗakin binciken Olivetti da ke Kambirij a Ingila suka wallafa aikinsu kan bajon Active Badge, wanda ke nuna ɗakin da mutum yake.

Nazari

Hanya ta farko ita ce fasahar rediyo ta UWB, wadda kuskurenta bai cika wuce santimita 30 ba. Tana da tsada, tana kuma buƙatar wuta babu yankewa, don haka ba za a daɗe a kanta ba.

Ta biyu ita ce Bluetooth mai ƙarancin cin batir, da ta fito a 2010. Alamarta ƙarama ce, batirinta kan kai shekara ko fiye. Amma tana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, wanda ruwan jikin mutum ke shanyewa. Wanda ya san ɗakin kwanciya a ƙasar Hausa da la'asar ya san abin da wannan ke nufi: mai jinya na kan tabarma gefen gado, 'yan dubiya sun cika tsakanin gadaje da kwanukan abinci. A irin wannan cunkoso lissafin nisa yakan karkace, na'ura ta nuna abu a ɗakin da ba ya ciki. Ma'aunin da aka gwada a asibitin da ke taƙaita dubiya ba zai zauna daidai a nan ba.

Ta uku ita ce alamar RFID marar batir, wadda ake karantawa idan ta ratsa ƙofa. Ba ta faɗin kusurwar da abu yake, ɗaki kawai take nunawa. To amma nas da ke neman injin iskar oksijin da tsakar dare abin da take son sani ke nan: yana ɗakin haihuwa ne ko na yara? Ƙarfe yana dagula karatun, saboda haka tukunyar oksijin da keken marasa lafiya sai an sa musu alama ta musamman.

Batun marasa lafiya ya fi nauyi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sanin cewa wance ta shiga wani ɗakin gwaji ya isa ya tona mata asiri, balle a garin da kowa ya san kowa. Awarwaron shaida ga jariri da mahaifiyarsa kaɗai nake ganin hujjarsa ta fito fili.

Shawara

Yankin na da masu iya aikin: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana Kazaure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021 tana Ɓaɓura. Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta haɗa kai da su a gwada RFID a ƙofofin babban asibiti guda, da wutar sola, a auna lokacin da neman kaya ke ci kafin gwajin da bayansa. Sai an ga sakamakon sannan a kai tsarin Roni da Gwiwa.