Tarihin Tseren Buɗe Filayen Zamiya Kafin Hunturu Ya Kankama

Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake kira siki, sana'a ce mai ɗan gajeren lokaci. A yawancin tsaunukan Turai da Amurka ta Arewa ana buɗe filayen wasan ne a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a rufe su a Afrilu. Akwai kuma wasu 'yan tsirarun filaye da ke buɗe ƙofa tun a Oktoba, ciyawa tana kore a kwarin da ke ƙasansu. Wannan sammako sakamakon aikin shekara kusan ɗari ne, wanda a cikinsa ranar buɗewa ta tashi daga abin da ake zuba wa sama ido a kansa ta koma abin da injiniyoyi ke tsarawa.

Mutanen arewacin Turai da Asiya sun shafe dubban shekaru suna ɗaura dogayen katakai a ƙafa domin farauta da tafiya a kan dusar ƙanƙara. A ƙasar Norwe ne abin ya rikiɗe ya zama wasa a ƙarni na 19. A tsaunukan Alfs kuwa, baƙi sun saba zuwa ne lokacin zafi su koma gida kafin sanyi. Labarin da ake bayarwa a St. Moritz ta ƙasar Suwizalan shi ne, a 1864 wani mai otal, Johannes Badrutt, ya gayyaci baƙinsa Turawan Ingila su dawo da hunturu, da alƙawarin biyan kuɗin tafiyarsu in ba su ji daɗi ba. Daga wannan zamani yawon hunturu ya kafu. A wancan lokaci ba wanda ke yanka ranar buɗewa. Ranar da dusar ta lulluɓe gangare ita ce farkon kakar wasa, shekarar da ta yi jinkiri kuwa sai a yi ta jira.

Na'urorin hawa da mutane kan tsauni ne suka sauya lissafin. A 1934 aka kafa igiyar jan masu zamiya a Davos ta Suwizalan, a 1936 kuma kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya kafa kujerun igiya na farko a Sun Valley, jihar Idaho ta Amurka. Wanda ya zuba jari a ƙarfe da otal da ma'aikata, kowace ranar da fili yake rufe asara ce gare shi. Hutun Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne lokacin cinikin da ya fi tsoka, a Amurka kuma akwai hutun godiya na ƙarshen Nuwamba. Filin da ya buɗe da wuri yana nuna wa masu neman ɗaki cewa dusarsa tabbas ce, yana kuma samun tallar kyauta a jaridu.

Hanya ta farko da aka bi wajen rage dogaro da sama ita ce ƙera dusar da hannu. A hunturun 1949 zuwa 1950 dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci a jihar Connecticut. Walt Schoenknecht, mai filin Mohawk Mountain, ya sa aka yi jigilar ɗaruruwan tan na ƙanƙara aka niƙa aka baza a gangarensa. A wannan jihar dai, kamfanin Tey, mai ƙera allunan zamiya na alminiyom, ya ga cinikinsa ya tsaya cik. Masu kamfanin uku, Wayne Pierce da Art Hunt da Dave Richey, suka gwada haɗa ruwa da matsattsiyar iska su fesa cikin sanyin dare, kuma a Maris na 1950 suka samu tulin dusa. A 1952 otal ɗin Grossinger's da ke jihar New York ya fara amfani da irin wannan inji domin baƙinsa.

Yadda injin ke aiki bai canza sosai ba tun daga nan. Ana tarwatsa ruwa ya zama 'yan mitsi-mitsin ɗigo, a harba su sama, su daskare kafin su sauko. Ana bukatar sanyi na kimanin digiri 2 ƙasa da sifili, amma danshin iska yana da nasa tasiri: in iska ta bushe ƙarau, ɗigon yana saurin yin sanyi, har a iya aiki ko ma'aunin zafi yana ɗan sama da sifili. Mita kubik ɗaya na ruwa yana ba da kimanin biyu zuwa biyu da rabi na dusa. Dusar inji ta fi ta sama nauyi da tauri, don haka ta fi jure rana da taku, abin da ya sa ta dace da shimfiɗar farko. Kafin injin ya yaɗu a Turai, sai da sojojin Ostiriya suka ɗauko tubalan ƙanƙara 20,000 da dusa mita kubik 40,000 daga wasu tsaunuka domin ceto gasar Olamfik ta Innsbruck a 1964. A gasar Lake Placid ta 1980 aka fara amfani da dusar inji a Olamfik, a ta Beijin ta 2022 kuwa kusan duk dusar ta inji ce.

Hanya ta biyu, wadda ƙasashen Alfs suka fi bi, ita ce hawa can ƙololuwa inda ƙanƙarar dindindin take, wato tsohuwar dusar da ta danne kanta shekaru aru-aru har ta zama dutsen ƙanƙara. Dusa kaɗan ce ke isa ta rufe irin wannan shimfiɗa, domin ƙasanta a daskare yake. A 1965 Ostiriya ta buɗe filinta na farko na wannan nau'i a Kitzsteinhorn, kusa da garin Kaprun. Hintertux, shi ma a Ostiriya, wanda ya kai mita 3,250, ya shahara da aiki duk shekara. A 1979 aka kammala motar igiya da ke hawa Klein Matterhorn, tsauni mai tsayin mita 3,883 a saman garin Zermatt na Suwizalan. Waɗannan filaye suka zama sansanin atisayen ƙungiyoyin ƙasashe a watannin kaka. Sölden ta Ostiriya ta karɓi gasar Kofin Duniya ta siki karon farko a 1993, daga baya kuma ya zama al'ada a buɗe gasar a can a ƙarshen Oktoba. Tarihin waɗannan filaye yana da baƙar rana: ranar 11 ga Nuwamba, 2000, gobara ta tashi a jirgin ƙasan da ke hawa Kitzsteinhorn ta cikin rami, mutum 155 suka rasu, galibinsu masu zuwa zamiyar farkon kakar wasa.

A Amurka tsayi da inji ne suka haɗu suka haifar da gasar wa zai riga buɗewa. A jihar Kolorado, Arapahoe Basin da Loveland, waɗanda gindinsu ya haura mita 3,000, sun daɗe suna fafatawa a Oktoba, Keystone ma tana shiga. A 2019 Keystone ta sanar da cewa za ta buɗe ranar 12 ga Oktoba. Arapahoe Basin ta yi wuf ta buɗe ranar 11 da ƙarfe uku da rabi na yamma, ta yi aikin sa'a biyu kacal, ta karɓe kambun shekarar. A gabashin ƙasar, Killington ta jihar Vermont ce ta yi suna wajen riga kowa buɗewa da kuma jinkirin rufewa. Abin da mai zuwa a irin waɗannan ranaku ke tararwa yawanci siririn layi ɗaya ne na fari a tsakanin duwatsu da busasshiyar ciyawa, cike maƙil da jama'a, ƙwararru da 'yan koyo a gangare guda.

Hanya ta uku ita ce ajiya, kamar yadda manomi ke adana hatsin bana a rumbu domin baɗi. A tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ke sa aikin inji ya yi arha, ana tara dusa ta zama ƙaton tsibi, a lulluɓe ta da garin katako ko da farin bargo mai hana zafi shiga, a bar ta ta ƙetare watannin zafi. Davos ta fara wannan a 2008. Tana rufe kimanin mita kubik 20,000 da garin katako mai kaurin santimita 40, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na tsibin yana kaiwa kaka, abin da ke isa a shimfiɗa hanyar zamiya ta kilomita 4 a ƙarshen Oktoba. Ruka ta ƙasar Finlan tana buɗe gangarenta a farkon Oktoba da ajiyayyar dusa tun 2016, Levi ma ta bi sahu. Lokacin da Kitzbühel ta Ostiriya ta shimfiɗa irin wannan layi a kan koren tudu a Oktoban 2019, masu kare muhalli sun yi ta suka, suna tambayar ko ya dace a ƙona mai a tura dusa alhali rana tana dukan tsaunin.

Ɗumamar yanayi tana matsa wa dukan waɗannan hanyoyi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, ƙanƙarar dindindin ta Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin ɗari na girmanta. A bazarar 2022 Zermatt ta dakatar da zamiyar lokacin zafi, kuma a kakar shekarar aka soke tseren Kofin Duniya da aka shirya tsakaninta da Cervinia ta Italiya saboda ƙarancin dusa. Tun 2005 Andermatt ta Suwizalan take lulluɓe wani sashe na ƙanƙararta da bargo. A Bolibiya, ƙanƙarar Chacaltaya, inda filin zamiya mafi tsayi a duniya ya taɓa kasancewa, ta ƙare ƙarƙaf a 2009. Injin ma yana da iyaka: yana shan ruwa da lantarki masu yawa, yana tilasta haƙa tafkuna a kan tsaunuka, kuma ba ya amfani in dararen Oktoba ba su yi sanyi ba.

A yau filayen da ake sa ran su buɗe da wuri sun kasu kashi huɗu: masu ƙanƙarar dindindin a Ostiriya da Suwizalan da Italiya, masu tsayi da busasshiyar iska a Kolorado, masu ajiyayyar dusa a Finlan da maƙwabtanta, da masu tarin injina a gabashin Amurka. Gangaren da ke fuskantar arewa ya fi riƙe dusa a dukansu. Kowace hanya tana bukatar jari mai nauyi, shi ya sa buɗewar Oktoba ta zama ta manyan filaye masu ƙarfin aljihu, yayin da ƙananan filayen da ke ƙasa-ƙasa suke ganin kakarsu tana gajarcewa, wasu a Alfs har sun kwance igiyoyinsu sun rufe.