Gombe United: Kunamar da ta Girmi Jiharta

Gombe United ta girmi jihar Gombe da shekara 6, ko da yake ba kowa ke tuna haka ba. A 1990 aka kafa ta, lokacin muna ƙarƙashin Bauchi, komai girman takarda sai an kai ta can a sa hannu. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ba mu jiha. Waɗanda suka tsaya aka haɗa ƙungiyar ba su da gwamna nasu, ba su da kwamishinan wasanni, amma suka ɗora mata sunan garin suka shiga da ita cikin manya. Ni a ganina sun yi wa neman jiha hidimar da ba a cika lissafa musu ba, domin Bayarabe a Ibadan da Inyamuri a Inugu da yawa a bakin mai sharhin ƙwallo suka fara jin kalmar Gombe.

Mu mutanen Kwadon, tafiya kallo ba ta da wuya. Ana sallame azahar sai bakin titin da ya taho daga Dadin Kowa, ka matsa tsakanin buhunan albasa a bayan akori-kura, ka sauka cikin gari kana warin kayan miya. A tsohon filin Abubakar Umar aka yi wannan zamani. Wanda bai samu na mota ba ya tsaya gindin darbejiya, mutum goma a kan rediyo ɗaya, batir na ja da baya ana bubbuga shi a cinya.

Shekarar da ba a gajiya da labarinta ita ce 2007. Aka tashi gasar Firimiya ta Najeriya Enyimba ta Aba na ɗaya, Kunamun na biyu. Enyimbar da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, ita kaɗai ce a gabanmu! Wannan ya kai Gombe gasar zakarun Afirka ta 2008, inda muka yi karo da Coton Sport ta Garwa a Kamaru, maƙwabtan da za mu gaisa da Fulatanci ba tafinta. Sun fitar da mu, ba musu. To amma wanda ya fitar da mu sai da ya kai wasan ƙarshe a shekarar, Al Ahly ta Masar ce ta iya tare shi. Kashin da aka sha a hannun irin wannan ba abin sunkuyar da kai ba ne.

A 2010 aka koma sabon filin Pantami, wanda aka gina zamanin Gwamna Danjuma Goje, mai cin mutum kimanin 12,000.

Daga 2014 aka shiga hawa da sauka: a faɗa rukuni na ƙasa, a dawo, a sake faɗawa, har zuwa 2024 da aka sauka tare da Doma United a kaka ɗaya. Ƙungiyar da ke jiran asusun gwamnati, tana keta ƙasa a mota daga Gombe zuwa Fatakwal don wasa guda, ba a yi mata hukunci irin na masu kuɗi.

Abin da ke gabanta yanzu ya fi na 1990 sauƙi. Akwai Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, akwai ta Tarayya a Kashere tun 2011, cike da samari masu ƙafa. A haɗa su da ƙungiyar mana, yaro ya riƙe karatunsa yana atisaye, kociyoyi su riƙa leƙa wasannin ɗalibai. Su leƙo Kwadon ma. Kullum bayan la'asar akwai yara a filin firamare, tsinken gola dutse biyu, rabinsu ba takalmi, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka Pantami yake so ya buga.