Dajin Falgore: Gandun Waye?

Mu mutanen Ƙaraye da Rogo mun tashi mun tarar da dattawanmu suna ba da labarin farautar rani, inda akan buga gangi a fita dawa da karnuka da gora, Sarkin Baka na gaba. A wancan zamani daji yana da masu shi. Akwai kurmin da ba a shiga da gatari, akwai lokacin da ba a taɓa dabba mai ciki, kuma wanda ya karya doka an san gidan ubansa. Yau galibin dazuzzukan namu sun koma gonaki. Babban abin da ya rage wa Jihar Kano shi ne dajin Falgore, can kudu da mu, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila.

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,000. Niyyar mai kyau ce, amma a ganinmu tun ran gini aka yi kuskuren zane. An shata iyaka a takarda, aka ɗauki malaman daji aka ba su kaki, aka ce da maharbi da makiyayi da mai saran itace su tsaya daga waje. Ba a tambayi mutumin ƙauyen da kakansa ya sha zuma a wannan daji abin da zai samu a madadin ba. To, wanda aka raba da abu ba tare da an ba shi kaso ba, yaya za a yi ya tsare shi? Sai ya shiga da dare. Bauna da gwanki da dattawa ke ambata suka yi ta ƙaranci, gawayi kuwa ya yi ta fita buhu-buhu.

Wani zai ce ina ruwan Bakaraye da dajin da ba a ƙasarsa yake ba? Ruwan ne ma ya haɗa mu. Kogin Kano ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Namu kogin, wato Challawa, an datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa kusa da Tamburawa su zama Kogin Haɗejiya. Idan aka sare itatuwan bakin kogi, ƙasa kan zaizaye, rairayi ya cike madatsa, manomin rani ya rasa ruwa. Mun kuma ga yadda aka tashi ƙauyuka saboda madatsar Challawa, don haka mun san zafin a ce wa talaka ya matsa don amfanin jama'a.

Batun 'yan yawon buɗe ido kuwa, sai mu dubi Yankari. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Giwaye da ruwan ɗumi na Wikki suna jawo mutane har daga Turai. Falgore yana bisa hanyar Kano zuwa Jos, amma matafiya da yawa sun fi saninsa da addu'ar a wuce lafiya, domin da dabbobi suka ragu, tsaro ya yi sanyi, sai 'yan fashi da ɓarayin shanu suka sami mafaka. Har ta kai a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye.

A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen ƙasa guda 10, Falgore na ciki, tare da dajin Kogo na Katsina da fadamar Baturiya ta Jigawa. Sauya suna abu ne mai sauƙi. Abin da za mu zuba ido mu gani shi ne ko za a ɗauki 'ya'yan maharban yankin aikin gadi da rakiyar baƙi, a zauna da dagatai da arɗo-arɗo a fitar da burtali, a kuma mayar wa ƙauyukan gefen daji da wani abu daga kuɗin ƙofa.