Cire hoton shafi: abin da ke gushewa da abin da ke saura

Hoton shafi, wanda matasa suka fi kira DP, shi ne ɗan hoton da ke bayyana kusa da sunan mutum a Facebook, X, Instagram ko WhatsApp. Cire shi ba ya ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙu, sai dai hakan ba ya nufin hoton ya ɓace daga intanet. Sanin wannan ya zama wajibi ga ɗan jarida, ɗan fafutuka, da duk mai bayyana ra'ayinsa na siyasa a fili.

Ɓoyewa, cirewa da gogewa

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗa su. Ɓoyewa shi ne taƙaita masu ganin hoton. A WhatsApp, mutum na iya zaɓar ko kowa ya gani, ko waɗanda yake da lambobinsu kaɗai, ko ya ware wasu daga cikinsu, ko kuma ya hana kowa. Cirewa shi ne sauke hoton daga mazauninsa, manhajar ta maye gurbinsa da inuwar mutum marar fuska. Gogewa kuwa shi ne share hoton daga ma'ajiyar shafin baki ɗaya.

A Facebook bambancin ya fi fitowa. Hoton da ke kan shafi a halin yanzu buɗe yake ga kowa, har da wanda ba aboki ba. Idan aka sauya shi, tsohon yana nan a kundin hotunan shafi har sai mai shi ya bi ya goge shi da kansa.

Inda hoton ke saura

Gogewa ma ba ta isa ga kwafin da ya riga ya fita. Duk wanda ya sauke hoton a wayarsa yana riƙe da shi. A 2024 WhatsApp ya toshe damar ɗaukar hoton shafin wani kai tsaye daga fuskar waya, amma babu abin da zai hana a ɗauka da wata wayar daban.

Babbar barazanar ita ce fasahar gane fuska. A Janairun 2020 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin Clearview AI na Amurka ya kwashi hotuna sama da biliyan 3 daga shafukan intanet, yana kuma sayar wa jami'an tsaro damar binciken fuskoki a cikinsu. A 2022 hukumomin kare bayanai na Faransa da Italiya kowace ta ci tarar kamfanin Yuro miliyan 20. Hoton da ya faɗa irin wannan rumbu ba ya fita don mai shi ya share shi daga shafinsa.

Hoton shafi a fagen siyasa

Sauke fuska daga shafi kan zama saƙo. Bayan jami'an tsaro sun tarwatsa zaman dirshan na Khartoum a ranar 3 ga Yunin 2019, ɗimbin mutane a faɗin duniya sun maye gurbin hotunansu da launin shuɗi zalla, don tunawa da Mohamed Mattar, matashin da aka kashe a ranar, wanda aka ce shuɗi ne launin da ya fi so. Mahukuntan Sudan sun katse intanet a lokacin, saboda haka 'yan ƙasar mazauna ƙetare ne suka fi yaɗa gangamin.

Rashin hoto kuma yana da nasa illar. A 2017 Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya daina amfani da hoton ƙwai ga shafukan da ba su saka hoto ba, saboda an fara danganta alamar da masu cin zarafin jama'a. Har yau shafi marar fuska kan sha zargin na bogi ne, ko na sojojin baka da 'yan siyasa ke ɗauka haya. Mai fafutuka na auna abu biyu ke nan: tsaron kansa, da amincewar masu sauraronsa.

Abin da doka ta tanada

A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta bai wa mutum 'yancin neman a goge bayanansa. Najeriya ta kafa tata Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, wadda ita ma ta amince da wannan 'yanci, ta kuma ɗora wa hukumar NDPC alhakin karɓar ƙorafi. Hoton da ake iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da dokar ke karewa.

Amma doka kan iya tilasta wa kamfani ne, ba ta iya bin kowace waya da hoton ya shiga. Hoto a intanet zarar bunu ne. Lokacin da mutum yake da cikakken iko a kansa shi ne kafin ya ɗora shi.