Igiyar Schnepfenthal

A shekarar 1793, Johann GutsMuths, malami a makarantar ƙauyen Schnepfenthal da ke Jamus, ya wallafa littafin motsa jiki domin matasa, bayan shekaru yana horar da ɗalibansa a fili. A wancan zamani galibin makarantun Turai ba ruwansu da jikin yaro. Nasa dai ya zauna ya haddace darasi.

GutsMuths ya kasa tsalle gida-gida: na sama, na nisa, na sanda, da dirowa daga tudu. Amma basirarsa ta fi bayyana a igiyar da ake tsallakewa. Ba a ɗaure ta. Ɗora ta ake yi a jikin turaku biyu, 'yan jakunkunan yashi na rataye a bakunanta, ta yadda da zarar ƙafa ta taɓa ta sai ta zame, yaro bai kifa ba. Dira kuwa da gaban ƙafa ake yin ta, gwiwa a lanƙwashe, domin wanda ya sauka kan dunduniya gadon bayansa ke ɗaukar girgizar.

Denmark ta shigar da darasin cikin dokar makarantunta a 1814. Furusiya kuwa, saboda tsoron siyasar Friedrich Jahn da almajiransa, ta rufe filayen atisayen a 1820, ba ta ɗage haramcin ba sai 1842.