Gadarif: Zangon Alhazai da Rumbun Sudan

Idan matafiyi ya bar Hartum ya nufi kudu maso gabas, bayan tafiyar kilomita 400 da ɗoriya zai iske birnin Gadarif, kusa da iyakar Habasha. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne jin Hausa a bakin masu awo a kasuwa. Dalilin wannan yana cikin tarihi.

Tun da daɗewa mutanen ƙasar Hausa da Barno sukan bi ta Sudan a ƙafa za su Makka. Tafiyar takan ci shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago. Da yawa ba su ƙara gaba ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wasu kuma suka bazu zuwa ƙauyukan Gadarif. Larabawa suna kiransu Fallata ko Takari.

Mai ziyara ya fara da kasuwa, gama ita ce uwar garin. A dā ana kiran wurin Kasuwar Abu Sin, da sunan shugaban ƙabilar Shukuriya. A 1898 sojan Masar ƙarƙashin Turawan Ingila suka ƙwace garin daga hannun mayaƙan Mahadi. Jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, noma da tarakta kuwa ya fara a shekarun 1940. Baƙar laka ce ƙasar, tana riƙe ruwan damina, shi ya sa dawa da riɗi suke yin albarka, ga kuma ƙaro. Gumin kakannin Hausawan nan yana cikin wannan arziki.

Wuri na biyu shi ne Galabat, a kan iyaka, daura da garin Matamma na Habasha. Takari ne suka zauna a nan tun kafin zuwan Turawa, har suna da shehunansu. A nan aka gwabza yaƙi a watan Maris 1889 tsakanin mayaƙan Mahadi da Habashawa, inda Sarki Yohanna na huɗu, Kirista, ya sami raunin da ya zama ajalinsa.

Mai son ganin halittun Allah sai ya nufi gandun dajin Dindir a kudu, wanda aka keɓe tun 1935. Akwai zakuna da ɓauna da tsuntsaye iri iri. Da rani ake shiga, gama da damina laka takan hana mota wucewa.

Amma fa hutu a Gadarif ba abin gaggawa ba ne. A 2020 'yan gudun hijira daga Tigirai suka cika sansanin Um Rakuba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023 kuma ya koro dubban mutane daga Hartum da Jazira zuwa wannan gari. Zangon da ya karɓi alhazai a dā, shi ne ya sake karɓar baƙi. Duk mai niyyar zuwa ya fara bincikar lafiyar hanya. Kafin nan, mu tuna akwai 'yan'uwanmu masu harshe ɗaya da mu a can, mu riƙa sa su cikin addu'a.